Wa Ke Riƙe Da Makulli? Tarihin Zaman Da'ira A Ƙasar Maraɗi

Wasu shekaru da suka wuce, ina koyarwa a wata makarantar ƙauye arewa da Dakoro, muka kira taron iyaye kan maganar azuzuwa. Damina ta ɗauke, lokacin komawa lakwal ya yi, kuma aji uku daga cikin biyar ɗinmu rumfunan zana ne da sai an sake kafa su kowace shekara. Aka fito da teburi da kujeru huɗu ƙarƙashin dogon yaro. Darakta da maigari da wani baƙo daga gari da ni muka hau kujeru. Iyaye maza suka zauna a tabarmi gabanmu, mata suka tsaya can nesa a jikin danga. Muka yi bayani kusan awa guda, muka ce kowane gida ya kawo damin kara biyu da dirka ɗaya ranar Asabar. Aka tambaya ko akwai mai magana, aka ce babu. Aka shafa fatiha aka watse. Da Asabar ta zo, dami bakwai muka gani.

A cikin makon nan, ranar Laraba da la'asar, a bayan wannan dangar, matan da suka tsaya nesa suka shimfiɗa tabarmi suka zauna kewaye da akwatin asusunsu. Sun kusa talatin, kuma ba wadda ta fasa zuwa. Wadda ta makara ta biya tara ba gardama. Suka ƙirga kuɗi a idon kowa, suka ba mutum biyu rance, suka ce ta uku ta jira, suka tashi kafin magariba. Mutanen da suka kasa kawo mana kara su ne waɗannan, a gari ɗaya, cikin talauci ɗaya. Tun ranar nake neman abin da ya raba taronmu da nasu.

Yanzu a wuraren horo ana yawan ce mana mu ture bencina gefe mu zauna a da'ira, kowa ya ga fuskar kowa, wai ta haka ake raba shugabanci tsakanin malamai, ko tsakanin malamai da iyaye. Shawara ce mai kyau, amma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Maraɗi. Mun shekara ɗari biyu muna gwada ta, a fada da dandali da gindin rediyo da bakin akwatin asusu. Wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci ta zama wasan kwaikwayo. Idan muka bi tarihin a hankali za mu ga inda bambancin yake.

Rukunin fadar Maraɗi

Bayan da jihadi ya ci birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Katsina ya yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran mai wannan gadon. Ba dawakai da tambura kawai suka zo da su ba, sun zo da tsarin mulkinsu. A cikin wannan tsari akwai manya huɗu da ake kira rukuni: Kaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi. Kaura ne shugaban mayaƙa. Galadima na kula da al'amuran cikin gari da na fada. Ƴandaka da Durɓi kowanne yana da jama'arsa, kuma sarautar Durɓi tana komawa ga Durɓawa, tsohon gidan da ya riga mulkin Katsina. Waɗannan huɗun su ke zaɓen sarki daga cikin ƴaƴan sarki, kuma idan sun haɗa baki suna iya tuɓe shi. Su kansu ba sa gadon sarautar. A gefe guda kuma ga Iya, mace daga gidan sarauta, mai iko kan sha'anin mata da na bori. Masanin nan M. G. Smith ya yi bayanin wannan tsari kamar yadda yake a zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga wajen 1854 zuwa 1875. A Tsibiri, inda Gobirawa suka kafa sabuwar fadarsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836, akwai irin wannan majalisa ta mutum tara, ga kuma Inna a matsayi irin na Iya.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Wannan ba majalisar talakawa ba ce. Manomi bai da wuri a cikinta, bawan gona bai da wuri. Amma akwai abu guda da ya kamata mu lura da shi: sarki yana sauraron rukuni ne saboda kowannensu yana riƙe da abin da sarki ba zai iya mulki ba sai da shi. Wani na riƙe da mayaƙa, wani da fada, wani da jama'a, dukkansu kuma da ikon naɗi. Shawararsu tana da nauyi domin a bayanta akwai ikon cewa a'a.

Yadda tsarin ya lalace ma darasi ne. A shekarun 1890 Kaura Hasau ya yi ƙarfi har ya fi sarakunan da ya kamata ya yi wa hidima. Ana naɗi ana tuɓewa, har Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa. Sunayen sarautun huɗu suna nan, ana zaman fada kamar kullum, amma ƙarfi ya taru a hannun mutum ɗaya. Turawan Faransa sun iso sun tarar da gidan a rabe.

Dandali da gayya

Talakawa kuma suna da tasu da'irar. A kusan kowane gari akwai samariya, ƙungiyar matasa, da sarkin samari da tsararrakinsa suka yarda da shi, da shugabar ƴanmata, da wasu sarautu na wasa da ake kwaikwayo daga fada, kowace da aikinta. Wani ke kiran taro, wani ke sasanta rigima, wani ke karɓar baƙi idan samarin wani gari sun zo kokawa ko biki. Sarkin samari bai da dogari. Makaminsa tara ce da ƙauracewa: wanda ya ƙi fita aikin gayya, ranar da tasa buƙatar ta zo ba zai ga kowa ba.

Gayya kanta makaranta ce ta rabon shugabanci. Yau a gonar wane, gobe a ta wane. Mai gona shi ke nuna inda za a fara, shi ke kawo fura da tuwo, amma da an kama aiki makaɗi da gwanayen noma ke ja gaba. Gobe shi ma mai gonar yau ya zama ɗan bi a gonar wani. Hausawa suka ce shawara ɗaukar ɗaki ce, kuma duk wanda ya taɓa sa hannu aka ɗora jinka ya san ma'anar: in gefe ɗaya ya saki, kan kowa za ta faɗo. Addini ma ya ƙarfafa wannan ɗabi'a. Sura guda ta Alƙur'ani sunanta Shura, kuma kowane ɗalibi ya san cewa a yaƙin Khandaƙ shawarar Salmanul Farisi aka bi aka haƙa ganuwa, kuma Sayyidina Umar ya bar zaɓen wanda zai gaje shi a hannun mutum shida.

Sai dai siffar zama kaɗai ba ta isa shaida ba. A makarantar zaure ɗalibai kewaye suke zama, amma malam ɗaya ke kan buzu, kuma haka ya dace da karatun. A taron gari ma kewaye ake zama, amma yaro ba ya magana gaban mahaifinsa, suruki ba ya musa wa surukinsa, mata kuma suna bayan danga. Ana iya zama da'ira cikakkiya alhali baki uku ne kawai ke motsi.

Zamanin animasiyo

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta so ta ɗora raya karkara a kan wannan tsohuwar al'ada. Aka ƙirƙiro aikin da ake kira animasiyo, da taimakon wata cibiyar Faransa mai suna IRAM, kuma yankunan Hausa na Maraɗi da Damagaram suna cikin inda aka fara. Tsarin shi ne gari ya taru ya zaɓi mutanensa, a kai su horo na ƴan kwanaki, su dawo su riƙa jagorantar tattaunawa kan rijiya da iri da lafiya da kasuwa. A 1962 aka kafa hukumar UNCC ta rance da ƙungiyoyin gama kai. A shekarar ne kuma aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo: mutane su zauna kewaye da akwatin rediyo, su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki ra'ayinsu a aika Yamai. Sau da yawa malamin makarantar gari ne ke jagorantar zaman, wato kakanninmu a wannan sana'a.

Abin da ya fi armashi a wancan zamani ya zo ne daga 1966, lokacin da aka fara barin manoma su gudanar da kasuwannin gyaɗa da kansu. Su ke zaɓen mai awo, su ke zaɓen mai rubutu, kuma in an samu rara a ƙarshen kaka a dawo musu da ita su raba. Manomin da ya daɗe yana zargin sikelin ɗan kasuwa sai ga shi tsaye a kan sikeli. A nan an ba da'irar abin riƙewa, kuma mutane sun ɗauke ta da gaske, har wasu suka shiga yaƙi da jahilci don su iya karanta lambobin awo.

Amma iyakar ikon a kusa take. Jam'iyya ɗaya ce ke mulki, PPN-RDA, tun da aka haramta Sawaba a 1959. Farashin gyaɗa daga Yamai yake zuwa, kamfanin SONARA ke fitar da ita waje, haraji kuma ba ya cikin abin da taron gari zai taɓa. Da mutane suka fara kawo kukan haraji da na zaluncin masu karɓarsa, sai aka ga cewa akwai maganganun da ba a son da'ira ta yi. Fari na farkon shekarun 1970 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage.

Samariyar Kountche

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka karɓi mulki. Seyni Kountche ba ya son jam'iyyu, amma yana buƙatar hanyar kaiwa ga jama'a, sai ya ɗauko samariya ya mai da ita ƙungiyar ƙasa, daga unguwa har Yamai. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Daga 1979 aka fara tsara abin da ake kira al'ummar ci gaba, wadda aka ɗora a kan ginshiƙai biyu, samariya da ƙungiyoyin gama kai, da majalisu hawa-hawa tun daga ƙauye har zuwa majalisar ƙasa da aka kafa a 1983. Tuntuɓa da shawara da sa hannun kowa su ne kalmomin da ake maimaitawa a rediyo.

Duk wanda ya kai shekara hamsin zai gaya maka cewa samariya ta yi aiki. Ta gina azuzuwa na ƙasa da yawa, ta share gari, ta dasa itatuwa, ta fito da mawaƙa da ƴan wasan kwaikwayo. Da yawa daga cikin malamanmu a ajin da samariya ta gina suka koyi baƙi da wasali. Bai kamata a raina wannan ba.

Amma ka tambayi dattijon da ya yi zamanin: wa ke kawo maganar da za a tattauna? Daga sama take saukowa, daga mai mulkin jiha zuwa mai mulkin gunduma, zuwa sarki, zuwa maigari, zuwa sarkin samari. Wa ke iya cewa a'a? Ba kowa. Tarar da a da tsararraki ke yi wa junansu ta koma tsoron hukuma. Gayya da ke zagayawa gona-gona ta koma aikin da ake fita in babban baƙo zai zo. Kountche ya rasu a watan Nuwamba na 1987, aka shigar da tsarin cikin jam'iyyar MNSD a 1989, kuma da guguwar dimokuraɗiyya ta taso samariyar hukuma ta watse cikin ɗan lokaci. Abin da ya tsaya da umarni, da umarnin ya ɗauke shi ma ya zauna.

Shekarar 1991

A wannan shekara Nijar ta ga zama iri-iri. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba aka yi babban taron ƙasa a Yamai, wakilai sama da dubu, ƙarƙashin jagorancin André Salifou. Taron ya ƙwace iko daga hannun mutum ɗaya ya raba shi uku na riƙon ƙwarya: Ali Saibou ya zauna shugaban ƙasa na suna, Amadou Cheiffou ya zama firaminista, Salifou ya shugabanci majalisar ƙoli. Amma tun kafin a zauna an ga giɓi a da'irar. Mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya taron. Ranar 13 ga Mayu mata suka yi tattaki a Yamai har aka ƙara musu kujeru, kuma ranar ce ake tunawa kowace shekara a matsayin ranar matan Nijar.

Ana cikin wannan taro, a watan Oktoba, aka yi kisan Toda a nan jihar Maraɗi, inda rikicin gona da kiwo ya ci rayukan Fulani sama da ɗari, akasarinsu mata da yara. Mu mutanen Dakoro, da muke zaune a bakin iyakar noma da kiwo da dokar 1961 ta shata, kusa da kwarin Tarka, mun san abin da ke faruwa idan manomi da makiyayi ba su da wurin zama tare sai bayan an yi ɓarna. Dokar karkara ta 1993 ta zo da kwamitocin ƙasa da ke zaunar da sarakuna da manoma da makiyaya da ma'aikata wuri ɗaya kan maganar burtali da rijiya da makiyaya. Inda suka yi aiki, sun yi ne domin an ba su abin yi a hannu: su shata burtali, su kafa alama, su rubuta shaidar gona.

A shekarun nan ne kuma matasa, da suka rasa samariya suka rasa aikin gwamnati, suka buɗe tasu majalisar a bakin titi, suka sa mata suna fada. Tabarma ko benci, butar shayi a kan gawayi, suna a rubuce a jikin bango. Iyaye da yawa suna kallon fada a matsayin zaman banza, kuma wasu fadodin sun cancanci zargin. Amma ka leƙa mai tsari a cikinsu za ka tarar da shugaba da ma'aji da mai dafa shayi, da kuɗin mako, da gudummawa in ɗayansu zai yi aure ko an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti. Ba wanda ya umarce su. Adeline Masquelier ta rubuta littafi guda a kansu da ya fito a 2019. Yaran da muke cewa ba sa iya zaman taro suna yin nasu kowane dare.

Akwati mai makulli uku

Zaman da ya fi kowanne daɗewa a cikin waɗanda aka fara a 1991 shi ne wanda ya fi ƙanƙanta. A ƙauyukan jihar Maraɗi ƙungiyar CARE, ta hannun wata ƴar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes, ta fara aiki da mata kan tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Asusu ba sabon abu ba ne a wurin matanmu. Sai dai tsohon asusu a kan amanar mace ɗaya yake tsaye, uwar asusu, kuma kowa ya san labarin wadda kuɗin mutane suka narke a hannunta.

Sabon tsarin bai kawo ko dala daga waje ba. Abin da ya kawo shi ne rabon aiki. Mata wajen talatin ke haɗuwa kowane mako, su suka yanke abin da za a riƙa zubawa, su suka yanke ribar rance da tarar makara. Kuɗin yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin wata ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Wasu ne ke ƙirga, da babbar murya, a tsakiyar da'ira. Shugaba tana buɗe taro tana ba da damar magana, amma ba ta iya taɓa kuɗin ita kaɗai. Da yake yawancinsu ba su yi boko ba, sai suka riƙa ajiye lissafi a ka: ana faɗin abin da ke cikin akwati kafin a rufe, mako mai zuwa a tambaya kafin a buɗe, kowace mace shaida ce. A ƙarshen zango a fasa a raba, a sake zaɓe.

Bayan watannin horo ma'aikaciyar aikin takan janye, kuma ƙungiyoyi da yawa sun ci gaba ba tare da ita ba, wasu ma suka haifi wasu a garuruwan maƙwabta. Tsarin da aka fara a nan ya bazu zuwa Mali da Mozambik da Zimbabuwe da Uganda da wasu ƙasashe da dama har wajen Afirka. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 an samu matan da suka koyi magana a bakin akwati sun zama kansiloli. Wannan ita ce hikimar rukunin Maraɗi ta dawo cikin zanen mata: ba a dogara ga kirkin shugaba kaɗai, ana tsara abin yadda ba mai iya motsi sai da saura.

Da'irar ta shigo makaranta

Dokar ilimi ta 1998 ta buɗe ƙofar sa hannun iyaye a tafiyar da makaranta, kuma a farkon shekarun 2000 aka fara kafa kwamitocin da muka sani da COGES. Da farko a wurare da yawa maigari ne ke nuna mutanensa, kwamiti ya zama suna a takarda. A 2004 wani shiri da hukumar JICA ta Japan ta tallafa ya fara a jihar Tawa da abubuwa masu sauƙi: a zaɓi wakilan iyaye da ƙuri'ar sirri, a tsara aikin shekara a gaban taron gari, a dawo a ba da bayani a gaban taron. A 2007 aka yaɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya, a 2012 aka canza sunan zuwa CGDES. A ƙa'ida uba ne ke shugabanci, darakta sakatare ne, kuma akwai kujerar iyaye mata. Mu malamai kuma muna da namu zaman na CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa ke haɗuwa su koya wa juna.

A takarda, ke nan, an raba makullan. Tambayar da kowane malami da kowane uba zai yi wa kansa ita ce ko kwamitin garinsu ya fi kama da akwatin mata ko da samariyar hukuma. Idan ba a kiran iyaye sai ranar da ake son kuɗi ko kara, idan an gama yanke magana a ofishin darakta kafin a shimfiɗa tabarma, idan ma'aji suna ne kawai kuɗin kuma yana aljihun wani, to mun koma 1983 ko da mun zauna a da'ira mai kyan gani.

Daga wannan tarihi ga abin da na ɗauka, kuma nake ba abokan aikina shawara a kai.

A raba abin da ake iya taɓawa. Kuɗin kwamiti kada ya kwana a hannun darakta ko shugaba. A ƙirga shi a gaban taro, a faɗi adadin da Hausa, da jika da dala, a rubuta a allo. Makullin ɗakin ajiyar abincin yara da littafin shigarsa da fitarsa kada su haɗu a hannu ɗaya. Wannan kariya ce ga darakta kansa, domin wanda bai riƙe shi kaɗai ba, ba a zarginsa shi kaɗai.

A kawo wa taro matsala tun ba a yanke ta ba. "Aji uku ba su da rufi, yaya za mu yi?" daban take da "kowa ya kawo dami biyu."

A juya tsarin magana. In maigari ko darakta ya fara, magana ta ƙare, domin ba mai musa masa a bainar jama'a. A fara da iyaye mata da sabon malami, manya su rufe. Inda mata ba sa sakewa gaban surukansu, su fara nasu zaman, su turo mutum biyu ko uku da abin da suka yanke.

A duba wanda babu shi. A ƙasar Dakoro makaranta ɗaya na iya haɗa ƴaƴan Hausawa da Fulani da Buzaye. Taron da aka sa lokacin da makiyaya ke arewa, ko aka yi shi ba mai fassara, ya rufe ƙofa ga wasu tun kafin a fara. A nemi ardo a tambaye shi lokacin da ya dace.

A zagaya da jagoranci. A zaman malamai, wanda ya jagoranta yau ya zama mai rubutu gobe, kamar gayya. Kuma kowane taro ya fara da abin da aka yi alkawari a na baya: wa ya ɗauka, ya yi ko bai yi ba.

Akwai kuma iyaka da ya kamata a faɗa. Ba kowace magana ce ta da'ira ba. Ranar jarrabawa da manhaja ba a jefa musu ƙuri'a a gindin bishiya. Kuma kada a yi amfani da taron iyaye a sauke musu nauyin da yake na gwamnati. A 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a Yamai a watan Afrilu, ta sake kamawa a Maraɗi a watan Nuwamba, yara ƙanana sama da arba'in suka rasu a gobarar biyu. Kwamitin da ke da ikon tara kara kowace shekara ya kamata ya samu bakin zuwa gaban magajin gari ya tambayi ranar da za a gina aji na siminti. Da'irar da ba ta iya aika magana sama, tana karɓa kawai daga sama, mun riga mun ga ƙarshenta.

Game da damin nan bakwai, sai bayan mako biyu na samu amsa. Na je gaida wata dattijuwa, ɗaya daga cikin masu riƙe da makullin asusu, na ce, "Inna, me muka yi muku kuka ƙi mu?" Ta yi dariya ta ce, "Mushe, ba wanda ya ƙi ku. Asabar kasuwa ce a garin gaba, kowa ya sani. Gero ma ba a gama yanka ba, balle a tara kara. Kun kira mu kun faɗa mana, mun ji. Da kun tambaye mu, da mun faɗa muku." Da muka sake kiran taro na bar kujerata a aji. Su suka sa rana, suka raba aikin unguwa-unguwa, suka ɗora wa mutum uku ƙirgar abin da aka kawo. Rumfunan sun tashi a makare da mako uku, amma sun tashi, kuma ba ni na bi gida-gida ba.

Allah ya ba mu haƙurin sauraron juna, ya raya mana yaranmu.